Yadda tsohon sojan Amurka zai nemi diyyar ciwon baya a VA

Ciwon baya yana cikin laluran da suka fi bin soja gida bayan ya ajiye kaki. Shekaru ana goya jaka mai nauyi, ana sanye da sulke, ana tsalle daga mota ko sauka da laima, ana jijjiga a cikin motar yaƙi, ƙashin baya yana ƙirga duk wannan ko da mai shi ya manta. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, wadda aka fi sani da VA, tana biyan diyya duk wata ga wanda aikin soja ya jawo masa irin wannan lalura, kuma ba a cire haraji a kuɗin. Sai dai VA tana yanke hukunci ne da abin da aka rubuta da abin da aka auna. Soja kuwa an horar da shi ya cije, ya ce lafiya lau ko da yana jan ƙafa. Wannan juriyar, wadda ta amfane shi a bariki, ita ce ke sa da yawa su tashi da ƙasa da haƙƙinsu. Ga yadda ake bin lamarin, ga namiji da mace duka, ko mutum yana zaune a Amurka ko ya koma wata ƙasa.

Mataki na 1: Kama ranarka tun kafin ka gama shiri

Kafin ka nemi ko takarda ɗaya, sanar da VA cewa kana da niyyar neman diyya. Ana yin haka da fom 21-0966, ko ta hanyar fara cike buƙatar a shafin VA na intanet. Daga ranar kana da shekara ɗaya ka kammala. Idan aka amince da buƙatarka, lissafin kuɗinka zai koma wannan ranar, ba ranar da aka yanke hukunci ba. Mutum ya ɗauki wata takwas yana tattara takardu ba tare da ya yi wannan sanarwar ba, ya yi asarar kuɗin wata takwas a banza.

Wanda bai fita daga aiki ba tukuna yana da dama ta musamman: zai iya shigar da buƙatarsa idan ya rage masa tsakanin kwana 180 zuwa 90 a sallame shi, a yi masa gwaji tun yana cikin kaki. Wanda kuma ya shigar cikin shekara ɗaya da sallama, ana fara masa lissafi daga washegarin ranar da ya fita. Idan shekaru goma ko ashirin sun wuce, ƙofa ba ta rufe ba, babu wa'adin da ke hana nema. Hujja ce kawai take ƙara wuyar haɗuwa.

Sharaɗi ɗaya a nan shi ne kada sallamar ta kasance ta rashin mutunci. Wanda aka sallama da wani matsayi na tsaka-tsaki, VA ce za ta duba ta yanke ko ya cancanta, don haka kada ya cire kansa tun kafin a duba.

Mataki na 2: Samu mai taimako da VA ta amince da shi

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna da wakilai da ke yin wannan aiki kyauta, ko kai ba ɗan ƙungiyar ba ne. Jihohi da gundumomi da yawa ma suna da nasu jami'an. Ana naɗa ƙungiya wakiliya da fom 21-22. Doka ba ta yarda a karɓi kuɗi a hannunka don shigar da buƙata ta farko ba. Lauya ko wakili mai rajista yana iya cajin kuɗi ne bayan VA ta yanke hukuncin farko. Duk kamfanin da ya ce ka sa hannu zai riƙa yankar wani abu daga kuɗinka na wata-wata, bincika sunansa a jerin waɗanda VA ta amince da su kafin ka ba shi ko lambar wayarka.

Mataki na 3: Gane abubuwa uku da za ka tabbatar

Duk tarin takardun da za ka kai, tambaya uku suke amsawa. Kana da lalurar baya a yanzu? Wani abu ya faru da bayanka lokacin aiki? Akwai alaƙa tsakanin biyun?

Ta farko tana buƙatar likita. Je a duba ka, a ɗauki hoton ƙashi ko na MRI idan likita ya ga dama, a sa wa ciwon suna: zamewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, amosanin gaɓa, matsewar hanyar jijiya, ko jin ciwon tsoka da ya ƙi warkewa. A 2018 kotu ta yanke, a shari'ar Saunders da Wilkie, cewa zafi kaɗai yana iya zama lalurar da za a biya diyya a kanta idan yana rage wa mutum iya aiki. Duk da haka, wanda ya zo da sunan ciwo da hoto ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Ta biyu tana cikin fayil ɗinka na soja: takardar sallama DD214, bayanan asibitin bariki, takardar da aka taɓa ba ka ta sassaucin atisaye, rahoton haɗari, da gwajin lafiyar da aka yi maka lokacin fita. VA tana da alhakin nemo bayanan da ke hannun gwamnati, amma ka nemi kwafinka da kanka don ka san abin da ke ciki. Tsofaffin fayiloli suna cibiyar adana bayanan ma'aikata da ke St. Louis, ana nemansu da fom SF-180. Wanda ya yi aiki a rundunar ko-ta-kwana ko ta tsaron jiha, ya nemi takardar da ta tabbatar cewa raunin ya same shi ne a bakin aiki, domin a wurinsa ita ce ginshiƙi.

Idan ka buɗe fayil ka tarar babu ko layi ɗaya a kan baya, kada ka karaya. Sojoji da yawa ba su je asibiti ba, sun haɗiyi maganin kashe zafi sun koma layi, don kada a ce musu raggwaye. A nan shaidar mutane take aiki. Abokin aikin da ya ga lokacin da ka faɗo daga mota, ko wanda ya riƙa ɗaukar maka jaka, zai iya rubuta abin da ya gani a fom 21-10210. Matarka ko mijinki, ko iyaye, za su iya rubuta yadda ka tafi da yadda ka dawo. Su rubuta abin da ido ya gani, da wuri da lokaci gwargwadon tunawarsu, su bar wa likita sunan ciwo. Irin aikin da ka yi ma hujja ne. Wanda takardarsa ta nuna ya yi saukar laima, ko ya yi shekaru yana loda harsasan igwa, bai buƙatar dogon bayani kan inda bayansa ya sha wuya.

Ta uku ita ce inda buƙatu da yawa suke faɗuwa. Ana son likita ya rubuta ra'ayinsa cewa yiwuwar aikin soja ne ya jawo ciwon ta kai kashi 50 cikin 100 ko ta fi. Ba a neman tabbaci ɗari bisa ɗari, domin idan hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce a rinjayar wa tsohon soja. Amma takardar da ta ce "mai yiwuwa ne" ta tsaya nan ba ta da nauyi. Wadda ke aiki ita ce wadda likita ya nuna ya karanta fayil ɗinka, ya ambaci abin da ya faru, ya bayyana dalilinsa na likitanci, ya kuma taɓo sauran abubuwan da za a iya ɗora wa laifi, kamar shekaru, ƙiba ko aikin da ka yi bayan soja.

Akwai wasu hanyoyi uku da mutane kan manta. Amosanin gaɓa da ya bayyana cikin shekara ɗaya da sallama, ya kai matakin kashi 10 a ma'aunin da VA ke auna tsananin lalura da shi cikin 100 don yanke kuɗin wata, VA tana ɗaukarsa a matsayin na aiki ba sai an kawo wannan ra'ayin ba. Ciwon bayan da ka shiga soja da shi, aiki ya tsananta shi fiye da yadda zai tsananta da kansa, shi ma ana biya. Haka kuma idan gwiwa ko idon sawun da VA ta riga ta amince da shi ya sa ka shekara da shekaru kana ɗingishi har baya ya lalace, za ka nemi bayan a matsayin lalurar da ta biyo ta farko.

Mataki na 4: Rubuta bayaninka, ka shigar da buƙata

Babban fom shi ne 21-526EZ, ana cike shi ta intanet, ta gidan waya ko ta hannun wakili. Idan ka yi jinya a asibiti mai zaman kansa, ko dai ka kai kwafin bayanan da kanka, ko ka cike 21-4142 don VA ta nemo su. Kai su da kanka ya fi sauri.

Haɗa da bayaninka na kanka a fom 21-4138. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Faɗi yadda ciwon ya fara, yadda ya ci gaba bayan sallama, da abin da ya hana ka yi yanzu. "Bayana yana ciwo sosai" ba ya gaya wa mai duba fayil komai. "Ba na iya zama fiye da minti 20 sai na miƙe, ba na iya ɗaura igiyar takalmi sai a zaune, na bar aikin tuƙi saboda ƙafar dama tana mutuwa" shi ne bayanin da za a iya aiki da shi. Idan akwai shekarun da ba ka ga likita ba, faɗi dalili, ko rashin inshora ne ko kana jinyar kanka da maganin kanti. Giɓin da ba a bayyana ba, mai duba fayil zai ɗauka lafiya ce ta samu.

Kada ka rubuta "baya" kaɗai idan ciwon yana sauka ƙafa. Ambaci kowace ƙafa daban, da duk abin da ya biyo baya: matsalar fitsari ko bayan gida, rashin barci, baƙin ciki mai tsanani da zafin yau da kullum ke jawowa.

Mataki na 5: San ma'aunin da za a auna ka da shi

Yana da kyau ka san wannan kafin ranar gwaji, don ka fahimci abin da mai gwajin yake nema. VA tana auna tsakiyar baya da ƙugu ne musamman da iya sunkuyawa gaba. Lafiyayyen mutum yana kai digiri 90. Wanda ya wuce 60 amma bai wuce 85 ba, kashi 10 ne. Wanda ya wuce 30 amma bai wuce 60 ba, kashi 20. Wanda ya tsaya a 30 ko ƙasa, kashi 40. Kashi 50 na wanda wannan sashen na baya ya ƙage gaba ɗaya a mummunan yanayi ne, kashi 100 kuma na wanda duk ƙashin bayansa, har da wuya, ya ƙage haka. Ɗaurewar tsoka da ta kai ta canza wa mutum tafiya ko siffar baya tana kai kashi 20 ko da yana iya sunkuyawa. Gaɓar da ke ciwo idan an motsa ta kuwa, ƙa'ida ta ce a ba ta aƙalla mafi ƙarancin matakin da ake biya, wato kashi 10.

Masu lalurar guringuntsin baya suna da ma'auni na biyu, na yawan kwanciyar jinya cikin wata 12 da suka wuce: mako ɗaya zuwa ƙasa da biyu kashi 10, biyu zuwa ƙasa da huɗu kashi 20, huɗu zuwa ƙasa da shida kashi 40, shida ko fiye kashi 60. Ana ba mutum wanda ya fi masa amfani cikin ma'aunan biyu. Amma kwanciyar da ake ƙirgawa ita ce wadda likita ya umarta ya kuma rubuta. Ka kwanta mako uku a ɗakinka ba likitan da ya sani, a lissafin VA ba ka kwanta ba. Likitoci a yau ba su cika umartar doguwar kwanciya ba, saboda motsi ya fi amfani ga yawancin ciwon baya, shi ya sa wannan ma'aunin bai cika samuwa ba.

Jijiya ana auna ta daban, kowace ƙafa da nata kason. Babbar jijiyar da ke sauka ta ɗuwawu zuwa ƙafa tana da kashi 10 idan matsalar kaɗan ce, 20 idan matsakaiciya ce, 40 idan ta yi ƙarfi, 60 idan ta yi tsanani har tsoka ta motse, 80 idan ƙafar ta shanye. Wannan ne dalilin da ya sa aka ce ka ambaci ƙafafu a fom. Wanda ya yi shiru a kansu yakan bar rabin haƙƙinsa a baya.

Mataki na 6: Ranar gwaji

VA za ta kira ka gwajin da ake ce wa C&P, wato gwajin diyya da fansho, a asibitinta ko wurin likitan da ta ɗauka kwangila. Waɗanda ke zaune a ƙasashen waje ma ana shirya musu. Kada ka ƙi zuwa. Idan uzuri ya taso, kira a canza rana tun da wuri, domin rashin zuwa ba dalili yana sa a yanke hukunci da abin da ke fayil kawai, idan kuma ƙarin kaso kake nema, a ƙi buƙatar.

Mai gwajin ba jinyarka zai yi ba, aikinsa ya auna ya rubuta. Ya kamata ya yi amfani da ma'aunin kusurwa, ya sa ka sunkuya gaba, ka miƙe baya, ka karkata hagu da dama, ka juya, ya kuma maimaita aƙalla sau uku don ya ga ko motsin yana raguwa. Da zarar zafi ya fara, faɗa masa a daidai wurin. Kada ka cije ka taɓa yatsun ƙafa don nuna jarumta, daga baya ka kwana biyu ba ka iya tashi. Lambar da ya rubuta a wannan minti ita za ta bi ka shekaru. Kuma kada ka yi ƙari. Mai gwajin yana kallon yadda ka shigo, yadda ka zauna, yadda ka cire takalmi, kuma idan abin da ka nuna ya saɓa da abin da ya gani, zai rubuta, daga nan duk maganarka ta raunana. Gaskiya cikakkiya ake so, ba ragi ba ƙari.

Tarbiyyarmu tana da tarko a nan. An tambaye ka "yaya jiki", baki ya saba cewa da sauƙi. Gode wa Allah a zuciyarka da bakinka, sannan ka ci gaba da bayani: yau da ɗan dama, amma sau uku a wata yakan tashi, ya kwana biyu ko uku, a lokacin ba na iya sunkuyawa ko rabin wannan. Maganar tashin ciwo tana da muhimmanci a doka. Tun shari'ar DeLuca da Brown a 1995 kotu ta ce dole a yi la'akari da zafi, gajiya da raunin da ke rage aiki, ba lambar digiri kaɗai ba. A 2017, a shari'ar Sharp da Shulkin, ta ƙara da cewa mai gwaji ya tambayi tsohon soja yadda tashin ciwon yake, ya ƙiyasta raguwar motsi a lokacin, ko da ranar gwajin ba ranar tashi ba ce. Idan bai tambaya ba, kai ka faɗa. Ɗan littafin da kake rubuta ranakun da ciwon ya tashi, da tsawonsa, da ranakun aikin da ka rasa, zai taimake ka ka yi magana da lissafi.

Faɗi magungunan da kake sha, da allurar baya idan an yi maka, da gashin ƙashi, da bel ko sandar da kake amfani da su. Da ka fito, zauna ka rubuta abin da ya faru: minti nawa aka yi, an yi amfani da ma'auni ko da ido aka ƙiyasta, an duba ƙafafu ko ba a duba ba. Idan gwajin ya zama na jeka-na-yi-ka, sanar da wakilinka a ranar, ka kuma nemi kwafin rahoton.

Wani abu da ya fi diyya gaggawa: idan fitsari ko bayan gida ya fara kufce maka ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ƙafa ta yi rauni farat ɗaya, tafi sashen gaggawa a take. Wannan alamar matsewar jijiyoyin ƙasan laka ce, kuma jinkiri yana iya barin lahani na dindindin.

Mataki na 7: Karanta hukuncin da natsuwa

Wasiƙar hukunci tana faɗin abin da aka amince da shi, kason da aka ba kowane, ranar da lissafi ya fara, da dalili. Duba ranar da kyau, kuskure yana faruwa a nan.

Lissafin VA ba tarawa ba ne. Idan baya ya samu 40, ana ɗauka saura 60 na lafiyarka. Ƙafa ta samu 20, sai a ɗauki kashi 20 na wannan 60 ɗin, wato 12, jimla 52, a mayar da shi 50. Idan akwai wata lalura ta kashi 10, za a ɗauke ta daga 48 da ya rage, jimla ta kai 57, a mayar da ita 60. Idan ƙafafu biyu ne abin ya shafa, akwai ɗan ƙari da ake yi. Daga kashi 30 zuwa sama ana ƙara kuɗi saboda iyali, don haka ka tabbata an shigar da mata ko miji da yara.

Wanda baya ya hana shi riƙe aikin da zai ci da kansa, ya nemi a biya shi a matakin kashi 100 da fom 21-8940. Ƙa'idar ita ce lalura ɗaya mai kashi 60, ko jimlar 70 da ɗaya mai kashi 40 a ciki. Laluran da suka fito daga tushe ɗaya, kamar baya da jijiyoyin ƙafafunsa, ana ƙirga su a matsayin ɗaya wajen wannan lissafin.

Mataki na 8: Idan an ƙi, ko an ba ka ƙasa da abin da ya dace

Ƙi na farko ba ƙarshen magana ba ne. Tun Fabrairun 2019 hanyoyi uku ne, kuma dalilin da aka rubuta a wasiƙar shi ne zai nuna maka wadda za ka bi.

Idan an ce babu alaƙa da aiki, ko hujja ta gaza, kawo sabuwar hujja mai alaƙa da batun ta fom 20-0995: ra'ayin likita mai dalili, sabon hoto, shaidar abokin aiki. Idan hujjar tana cikin fayil amma an tsallake ta, ko an yi kuskuren ƙa'ida, nemi babban jami'i ya sake dubawa ta fom 20-0996. A wannan hanyar ba a karɓar sabuwar takarda, amma za ka iya neman ganawa ta waya, kai ko wakilinka, a nuna masa inda kuskuren yake. Ta uku ita ce ɗaukaka ƙara zuwa hukumar alƙalan VA da fom 10182, inda za ka zaɓi a duba fayil kawai, ko ka ƙara hujja, ko a saurare ka. Ita ce ta fi ɗaukar lokaci, musamman idan ka zaɓi zaman sauraro. Bayan hukumar akwai kotun ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji, wadda wa'adinta kwana 120 ne.

Kowace ka zaɓa cikin hanyoyin ukun, yi ta cikin shekara ɗaya daga ranar da ke kan wasiƙar, don ranarka ta farko ta ci gaba da aiki a biya ka bashin baya. Kana cikin jira, ci gaba da ganin likita, domin bayanan jinyar da ba su yanke ba su ne hujjar da za ka buƙata idan ciwon ya ƙaru ka zo neman ƙarin kaso, wanda ake yi da fom 21-526EZ ɗin nan dai. Kafin ka nemi ƙarin, zauna da wakilinka ku gwada bayanan likitanka na baya-bayan nan da ma'aunin digiri, saboda sabon gwaji yana buɗe fayil ɗin gaba ɗaya, kuma idan ya nuna sauƙi mai ɗorewa VA tana iya ba da shawarar ragi.